Bayan Ɗinki

Rigar da Baba bai gama ba
ta shekara tara a ƙasan adaka
tana shaƙar kafur, tana jiran mai ita.
Mai ita kuwa yana kwance a Tafo,
ya daina karɓar aiki.

Ran Talata na naɗe ta a zanen Inna,
na shiga mota daga Aboabo
zuwa shagon Boakye a Adum,
mai sa wa hotunan biki firam.

Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa,
nan na yarda da shi.
Saƙi ne mai ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa,
aska takwas da zaren tsamiya:
bakwai sun tsaya ƙyam,
ta takwas ta tsaya a rabin hanya,
allura na soke inda azahar ta riske shi.

Da Hausar da ya tsinta a Alabar ya ce,
"Gilashi ba zai taɓa ta ba.
Daminar Kumasi ba ta da kunya,
tufa in bai sha iska ba, sai fumfuna.
Ba ƙusa, ba manne, da zare zan kama ta.
Allurar dai a cire, ta yi tsatsa."
Na ce a bar ta. Tsatsar ma gado ce.

Ya juya ta don ya auna,
sai ga abin da ban taɓa gani ba:
ƙulli kan ƙulli,
inda ya ɓata ya warware ya sake,
inda tsamiya ta ƙare ya haɗa da auduga,
shekarar da na shiga sakandare ke nan,
na ƙirga, na gane.

Gaban riga na mai saye ne.
Na ce, "Wannan gefen za a nuna."
Boakye ya dafe kai:
"Za a ce ban san aikina ba!"
Amma ya yanka katakon odum, ya yi shiru.

Yanzu tana bangon da rana ba ta kaiwa.
Baƙi kan ce, "Tasalla, an juya miki ita."
In ce, na sani, ga ruwa.

Malam Ɗan'iya ne kaɗai,
da suka raba tabarma shekara talatin,
ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin,
ya daɗe,
ya nuna wani ɗinki da ya karkace,
ya ce, "Daga nan idonsa ya fara."