Ƙwaya ta Arba'in da Ɗaya

A Toyohashi damina ta zauna da gindinta,
laima ta kama bango, ta kama takalmi,
ni kuwa hannuwana na cikin akwatin gilashi
inda ba a taɓa yin ruwa ba.
Baƙar safar roba har kafaɗa.
Ciki ba iskar shaƙa, sai argon,
sai garin litiyam da farar wuta
da na matse ya zama ƙwaya kamar maɓallin riga.

Dutse ne, amma mai hanyoyi:
litiyam na ratsa shi kamar tururuwa a tsagar bango,
shi ko gezau.
Roƙonmu ke nan gare shi:
bari a wuce ta cikinka, kai ka tsaya yadda kake.

Kwana sittin ya tsaya.

Ran Alhamis hancina ya riga na'ura sani:
warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasa-ƙasa, kamar gulma.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na bi safar hagu da yatsa har na sami hudar,
ba ta kai bakin allura ba.
Ta nan numfashin damina ya shiga
ya kwance abin da wuta ta ɗaura a dare uku.

Tsoho Kuramochi ne ya sa ta jiya.
Shekara talatin ko kwalba bai fasa ba,
bana ne hantsaki ya fara rawa a hannunsa.
Ya tsaya bayana
yana goge tabarau da ya riga ya goge.

Can ya nuna ta arba'in da ɗaya,
wadda muka rufe manne da ƙarfen litiyam.
Harshe da haƙori ma ana saɓawa:
inda suka haɗu ta ci kanta, ta yi baƙi,
ɗan ɓawo da bai kai na albasa ba.
Nan ɓarnar ta tsaya.
Abin da ya mutu ya zama katangar abin da ya saura,
litiyam kuma bai fasa wucewa ba.

"Wannan," in ji shi, "a ajiye ta."

A littafin aiki na rubuta: safar hagu, huda, an canza.
Gurbin suna na bar shi fari.
Na fito, jirgin ƙarshe ya wuce,
laimata na can jikin kujera.
Ruwa na dukana,
hannuna har yanzu warin roba.