Filo Uku

Ƙarfe huɗu na asuba a Sunderland.
Hita ta mutu tun Talata, mai gidan hayar ya ce gobe.
Na ƙudundune cikin bargo biyu,
na buɗe babi na sha ɗaya: gazawar zuciya.

Littafin ya ce zuciya gida ce mai ɗaki huɗu.
In ɓangaren hagu ya gaji da turi,
jini ya ja da baya kamar ruwan kwatar da ta toshe,
ya je ya kwanta a huhu.
In na dama ya bi sahu, ruwa ya gangara ƙafa.
Mai ciwon ba ya miƙewa a gado,
sai dai ya jingina yana bin iska kamar mai bin bashi.
Tambayi majinyaci, in ji littafin,
da filo nawa kake barci?

Na ajiye biro.

Baba da uku yake barci.
Ni ke jera masa su, can Azare, a ɗakin da ke kallon rijiya.
Takalmin Juma'arsa ya ƙi shiga.
In ka danna ƙafar da yatsa, gurbin ya zauna
kamar a malmalar tuwon da ya kwana.
Muka ce sanyi ne.
Gwaggo Kande ta ce wani abu ya taka a hanyar kasuwa.
Muka yi masa romo, muka saki hannu da gishiri,
muka ce sha, Baba, ƙara, ai ruwa ba ya faɗa da kowa.
Ashe tulun ya cika, mu muna ta ɗurawa.

Shekara tara ke nan.
Yau ga shi a shafi na ɗari biyu da shida,
da zane mai launi, kibiya ja, kibiya shuɗiya,
da tambaya mai amsa huɗu, a zaɓi ɗaya.
Na zaɓa daidai. Na ci makin.
Wa zan kai wa?

A gidan tsofaffin da nake aikin dare
akwai Mista Hedley, tsohon mai waldar jirgin ruwa.
Balaraba ta fi ƙarfin harshensa, Barbara yake kirana.
Shekaranjiya na same shi zaune bakin gado,
kafaɗu na hawa da sauka.
Na ƙirga numfashi, ashirin da takwas a minti.
Na duba takardar sikeli, kilo biyu sun ƙaru a kwana uku.
Na danna idon sawu, gurbin ya zauna.
Ban ce sanyi ne ba.
Na ɗaga kan gadon, na ruga na kira nas Anju,
kafin gari ya waye ruwan ya fara fita,
ya riƙe hannuna yana tambayar shayi.

Litinin mai zuwa zan hau jirgin ƙasa zuwa Newcastle.
Za su ba ni mutum na roba,
in yi masa sallama, in nemi izini, in wanke hannu,
in karanta sunansa a wuyan hannu,
wata mata na gefe da allo tana auna kowane motsi.
Sun ce kada a manta a tambaye shi ko yana jin zafi.
Ba zan manta ba.
Tambayar da na makara da ita ce ke hana ni barci.

Waje ruwa yake yi, tsuntsayen teku na ta ƙorafi.
Na yi sallah, na sa sunan Baba a sujada,
na bar biro a tsakiyar littafi, gobe ƙoda.
Na miƙe sambal a kan katifa.
Iska ta shiga, ta fita, ba ta nemi komai ba.
Filo ɗaya ya ishe ni.