Zakaran Wuya

Shekarata goma sha uku, a tuddan Guriya,
inda ruwan sama ba ya jiran damina,
ni ke ɗaukar muryar sama a teburin kakana Jumber.
Mu uku muke rerawa:
kawu Ushangi ya shimfiɗa ƙasa,
kaka ya bi ta tsakiya,
ni kuwa in haye ƙoli in yi ta shawagi
kamar tsattsewa a kan gonar shayi.

Ran tsinkar inabi abin ya faru.
Na ja numfashi, na nufi reshen da na saba sauka,
sai wani jaki ya amsa daga cikin wuyana.
Mata suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu.
Ushangi ya ƙware don dariya.
Na fice, na laɓe a bayan rumbun masara,
ina shafa wani ƙullutu da ya tsiro mini ba sallama.

Kaka bai zo da lallashi ba.
Da congurinsa ya zo, mai tsirkiya huɗu,
ya zauna a kututture, ya ce, "Bakur, miƙo yatsa."
Ya ɗora shi a kan tsirkiya, ya ɗame ta:
amo ya yi sama, siriri, kamar zai tsinke.
Ya sassauta:
amo ya sauko, ya kwanta, ya yi ƙiba.

"Irin wannan, biyu gare ka,
kwance a bayan ƙullutun nan,
ba su fi farcen babban yatsanka tsawo ba.
Nawa na siliki ne, naka tsoka da tantani.
In kana shaƙar iska, su buɗe kamar ƙyaure.
In za ka rera, su haɗe baki,
huhu ya zuga daga ƙasa,
su yi ta rabuwa suna komawa
sau ɗaruruwa kafin ka haɗiye yawu.

Ɗame su, su yi sauri, murya ta hau.
Sake su, su yi nauyi, murya ta gangara.
Amma tsirara suke haihuwar amo.
Maƙoshi da ganda da harshe da leɓe
su ne masu yi masa sutura.
Shi ya sa ko cikin duhu
uwarka ba ta taɓa ɗaukar ka wani ba."

Na ce, "To me ya lalata nawa?"

Ya ce, "Girma suka yi, babu abin da ya lalace.
Dare ɗaya aka musanya maka molo,
hannunka kuwa bai sani ba,
yana ta laluben tsohon wurin yatsu."

Duk sanyin shekarar ya hana ni ihu,
ya hana ni raɗa,
wai ita ma tana gajiyar da su.
Ruwan ɗumi, zuma, da haƙuri kamar mai dafa dutse.
Da furannin lambu suka buɗe
na sake buɗe baki, ina jin tsoro,
sai wani baƙo ya fito daga ƙirjina,
mai kauri, mai tafiyar bijimi.
Kofuna suka yi rawa a kan tebur.
Ushangi bai yi dariya ba.

Shekara ashirin ke nan.
Ushangi ya riga mu, ni ke shimfiɗa ƙasa.
'Yata Tsiala ta gaji reshen tsattsewa.
Tsirkiyoyin kaka sun rame,
ba sa haɗe baki sosai,
iska na sulalewa ta tsakani,
muryar ta yi shara-shara kamar tsohon mayafi.

Jiya, a tsakiyar baiti, numfashi ya yanke masa.
Ban dube shi ba.
Na riƙe amona, na ja shi, na ƙara ja,
zakaran wuyana yana rawa ƙarƙashin fata,
huhuna yana roƙon in bari,
har tsoho ya huta,
ya lalubo wurin da ya tsaya,
ya sake ɗora ƙafa a kaina.