Ramukan Dondok

A bakin Baikal, asubar Fabrairu,
gingimari na tsaye, injinta na tari.
Fulawa buhu sittin, dizal, kwalin allurar yara,
duk na mutanen tsibirin Olhon ne.
Tsakaninmu da su ƙanƙara ce shimfiɗe,
ƙarƙashinta ruwa mai haɗiya ba tauna.

Dondok ya durƙusa, ya huda na farko,
ya zura sandar awo. Saba'in da biyu.
Na rubuta, yatsuna sun ƙage a jikin fensir.
"Hamsin muke nema," in ji shi, "har da gyara ta ba mu."
Sai da ya yi taku ɗari uku ya sake hudawa.
Saba'in. Sittin da takwas.
Inda amsa ta fito da ƙarfi
ba ya maimaita tambaya.

A na shida sanda ta ce hamsin da ɗaya.
Nan tsoho ya tsuke takunsa,
ashirin, goma, hagu, dama,
kamar mai neman allura a tabarma.
Arba'in da tara. Hamsin da uku. Hamsin cif.
Ƙanƙara tana magana da baki biyu.

Arsalan direba ya danna oda daga gaɓa.
Gaskiyarsa. Kowane rami
minti goma yake ci daga hasken yini,
yinin nan kuwa guntu ne, kamar wutsiyar akuya.

Na ce, "Baba, rami nawa ne zai isa?"
Ya karɓi littafina ya ja layi biyu.
"In lissafi ya taɓa na sama, a wuce.
In ya taɓa na ƙasa, a koma.
Tsakani, a ƙara ɗaya.
Tun a gida na sa iyakar, kafin sanyi da yunwa
su fara yi mini raɗa.
Ko dubu ka huda, yaro,
tsakanin rami da rami duhu ne.
Mai jiran tabbas, narkewa za ta iske shi
da mahudi a hannu."

A na sha huɗu lissafi ya faɗi ƙasa.
Bai yi gardama da shi ba.
Muka karkata arewa, muka faro daga sifiri.
Sittin. Sittin da biyu. Hamsin da tara. Sittin da huɗu.
Ya miƙe, ya kafa reshen itace,
ya ce a sauke buhu goma sha biyar, ko don abin da sanda ba ta gani ba.

Arsalan ya tuƙo, ƙofa a buɗe,
ƙafa ɗaya a totur, ɗaya tana shirin tsalle.
Ƙanƙara ta yi nishi mai tsawo.
Ta ɗauka.

Na yi ihu, "Ka yi daidai!"
Dondok yana goge mahudi da hannun riga.
"Ta ɗauke mu yau," ya ce. "Tana ɗaukar wawaye ma.
Buɗe sabon shafi. Iska ta juya."