Majemin Fas

Ramin jima goma sha ɗaya muka gada a birnin Fas,
can bayan layin maƙera, inda rana ke shigowa a makare.
Shekara talatin ƙafata na cikin ruwan toka
da kashin tattabaru da jiƙon ɓawon rumman.

Baƙi kan tsaya bisa soro suna leƙenmu,
kowa da ganyen na'ana'a manne a hanci.
Da can dariya suke ba ni,
don ni ban taɓa jin warin komai ba.
Sai ranar da Zubida, autata, ta ce,
"Baba, ko wanka uku ka yi,
tun daga bakin lungu nake jin zuwanka."
Ashe hanci kan yi sulhu da abin da ya daɗe da shi.
Zuciya ma haka.

Si Lamfaddal, wanda ya koya mini riƙon wuƙa,
yakan ce fata ba don mugunta take ƙin jima ba,
dabbar da ta rufa take tunawa.
Akuya ta mutu, taurin kanta na nan.
Ka jiƙa, ka kankare, ka tattake, ka shanya,
gobe ka tarar ta ƙandare kamar ba ku taɓa haɗuwa ba.
"Kada ka zage ta, Allal," in ji shi,
"kai ma haka Ubangiji ke haƙuri da kai."

Ranar Talata wani baduku ya maido mini da fata,
ja wur, irin jan da nake bugun ƙirji da shi.
Ya juya bayanta, ya nuna da farce:
ɗan guntun nama, bai kai ƙwallon zaitun ba,
wanda wuƙata ta tsallake.
Rini ya rufe shi sarai,
amma ruɓa ba ta jin kunyar rini.

Na biya shi kuɗinsa, na zauna a bakin rami.
Can ƙetare ga Bushta, ƙanena, yana tattaka.
Shekara biyu ba mu gaisa ba,
a kan rami guda da tsohonmu ya rasu
bai faɗi na wane ne ba.
A shekara biyun nan sahun farko bai wuce ni ba,
na azumci Litinin da Alhamis,
carbina har ya yi santsi,
mutane suna cewa Allal ya zama bawan Allah.
Rini ne.
Guntun naman yana ƙarƙashi, yana aikinsa a hankali.

Ya Rabbi, Kai ka busa rai cikin yumɓu,
Ka kuma san yumɓu yana tsagewa.
Ban zo roƙon sabon launi ba.
Mayar da ni cikin toka.
Juya bayana, Ka sa wuƙa
daidai inda nake dafewa da hannu.

Bayan la'asar na miƙe.
Katangar da ke tsakanin ramukan ba ta fi tafin ƙafa ba,
na bi ta dubu sau dubu ido rufe,
ranar nan sai da gwiwata ta yi rawa.
Na yi sallama. Ya amsa ciki-ciki, bai ɗago ba.
Duk jawabin da na shirya ya zube a ruwan rini.
Muka yi tsit, tattabaru kawai ke kuka.
Can ya jawo wata fatar sa, jiƙe sharkaf,
ya miƙo mini gefe guda,
ya ce, "Kama nan, ta yi mini nauyi."

Na kama.
Maganar rami har yau ba mu gama ta ba,
kuma jiya ma sai da na ji tsohon haushin ya motsa.
Na sake jiƙa shi.

Da dare Zubida ta toshe hanci tana dariya.
Na shinshina hannun rigata.
Na ji.