Minti Huɗu na Duhu

Ni ne Arzika mai injin wuta.
Sunana na can ƙarshen jerin sunaye,
ƙarƙashin mai shayi, saman direba,
inda kowa ya miƙe kafin ya karanta.

Tankari ya dawo Tawa bayan girbi
da jita ja mai kukan ƙarfe,
ya ce filin kokowa zai cika maƙil,
kyamara biyar za su zuba masa ido.
Ya dafa ni: Arzika, raina na hannunka,
ko ƙiftawa kada fitila ta yi, kada ka huta.

Kwana uku muna jan waya cikin rairayi.
Sahiya mai ɗaukar hoto tana kan tsani,
zane ɗaure a ƙugu, tana auna rana da tafin hannu.
Man da aka sayo a kwalabe bakin tasha
na shinshina, na ce akwai ruwa a ciki.
Aka ce kuɗi sun ƙare wajen lasifika.
Na haɗiye maganata.

Dare ya yi.
Mai ganga ya far wa fatu kamar yana bin su bashi,
jemagu suka bar dogon yaro,
tsofaffi na bakin katanga, yatsu a kunne,
amma ko ɗaya bai nemi ƙofar fita ba.
Waƙa ta bakwai, ana tsakiyar baiti,
inji ya yi tari sau biyu,
ya kwanta.

Ina durƙushe, tocila a haƙori,
ina zuƙar mai da tiyo ina tofarwa,
sai wata murya can baya, ta mace, a dishe,
ta ɗauki baitin daga inda ya faɗi.
Sai goma. Sai ɗari. Sai filin duka.
Tafi ya gaji ganga.
Tankari na tsaye da mataccen ƙarfe a wuya
yana jin waƙarsa a bakin da bai taɓa koya wa ba.
Minti huɗu, sannan na tada wuta.

Wata takwas a Yamai ana yanka ana liƙi.
Ya ce a cire abin kunyar nan.
Sahiya ta ce sai dai a cire ta.
Suka daina gaisawa har layya ta wuce,
da kuɗin haya suka ƙare, aka bar mata.

Ranar da fim ya fito, masu tabarau suka tafa,
wani ya rubuta cewa duhun ne zuciyar aikin,
hikima ce, an daɗe ana tsara ta.
Aka tambayi Tankari a rediyo.
Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, bai musanta ba.
Ina gyaran famfo a Tawa na ji shi,
na ƙara murya, ko zai tuna. Ya manta.

Da aka kawo shi gida, farin ƙyalle aka rataya
a bangon gidan matasa, ni ne dai kan inji.
Duhun fim na sauka, kawuna suka juyo:
Arzika! Ka sake!
Wani yaro ya jefe ni da ɓawon rake,
ga inji na gurnani lafiya lau a gefena.
Sai muryar nan ta fito daga lasifika,
Inna Haule mai ƙosai ta dafe ƙirji:
Wayyo, ni ce!
Ta rufe fuska da mayafi, tana leƙe ta ƙasansa,
layi uku na mata suna ta zungurinta.

Ni ma na fito, in ana son gaskiya:
hannu da sifana, daƙiƙa uku, a gefen hoto.
Matata ta gane shi da tabon ƙuna,
ta nuna wa maƙwabta.

Har yau in waƙa ta bakwai ta tashi
a wayar ɗan kabu-kabu ko shagon aski,
kowa jita yake ji.
Ni ɗanɗanon fetur nake ji a harshe,
in tofar, in ci gaba da tafiyata.