Mayen Ƙarfe

Sun ce ya cire agogo,
zoben azurfa, makullin shago,
har allurar da ya manta a bakin hula.
Baba ya yi dariya:
"Shekara talatin ina kiwon mayun ƙarfe,
yau babbansu zai haɗiye ni."

A Ƙofar Marusa, shagon gyaran rediyo,
na koyi tsince ƙusa cikin rairayi
da baƙin zoben da ya ciro daga lasifika.
Biyu su rungumi juna,
ka juya ɗaya, su yi gaba
kamar maƙwabta kan katanga.
"Barira, kar ki kai shi kusa da kaset,
zai shanye muryar mai waƙa."

Yau an tura shi farin rami,
na'ura tana ƙwanƙwasa kamar maƙera ranar kasuwa.
Hindatu mai aikin ta ce ba wuƙa, ba ƙuna,
ruwan jikinsa kawai zai amsa kira.

Minti arba'in.
Ƙwaƙwalwarsa ta fito a allo, yanka-yanka kamar kabewa,
da ɗan tabo, ƙwayar gero, a hagu,
inda sunayenmu suka fara yoyo.

Da ya fito ya laluba aljihu.
"Mayen nan bai ci kurwata ba,
amma akwai wayar da ta saki a cikinsa, na ji ƙararta.
Ce su kawo in duba musu."
Sai ya dube ni, ya daɗe,
yana neman sunana.